Kafin Ki Sake Tayar da Injin

Ɗan Iya, Bauchi
Asabar da hantsi

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Allah ya sa wannan takarda ta same ki zaune lafiya cikin mota, ya ba direbanku natsuwa, ya sauke ki hannun gwaggonki Hajara tun rana ba ta yi sanyi ba. Na ce wa innarki ta tura ta ƙarƙashin ƙullin dambun nama, don na san can hannunki zai fara zuwa.

Ba zan ba ki labarin gida ba, tunda daga cikinsa za ki fito. Kin san tun ranar da aka raɗa miki sunan mahaifiyata bakina ya yi nauyi a gabanki. In na so yi miki faɗa sai in ga kamar ita nake ɗaga wa murya. Abin da na kasa faɗa miki a kan tabarma, ga shi alƙalami ya ɗauka.

Wata uku kika yi kina gwaji a ɗakin kwamfuta na jami'a, yanzu an tabbatar da ke, za ki koma ki zauna. Na yi murna fiye da yadda na nuna. Duk abin da kika yi mini bayani a kwanakin nan na rubuta shi cikin littafina na kullum, kuma bari in maimaita miki, in na karkace ki gyara mini in kin zo hutu.

Kin ce injin nan idan aka kunna shi da safe bai san komai ba, ko sunansa. Sai ki tsaya gabansa ki ɗaga waɗansu makunnai, ki sauke waɗansu, ki danna, ki sake jerawa, har ki shigar masa da 'yan umarni kaɗan da hannunki. Waɗannan 'yan umarni ba su iya komai ba sai karanta zaren takarda mai huda-huda. Zaren takardar kuma shi ke koya masa yadda zai ɗebo babban tsarinsa daga faifai. Daga nan ya tambaye ki kwanan wata da ƙarfe nawa, sai tafiretocin da ke ɗakuna dabam-dabam su farka, mutum ashirin ko talatin kowa na aikinsa, kowa na zaton shi kaɗai ake saurara, alhali injin zagaya su yake yi da sauri yana ba kowa ɗan rabonsa na lokaci.

Kin kuma gaya mini akwai wani ɗan tsari da ke zaune a gefe cikin ƙwaƙwalwar injin, wanda ake neman kuskure da shi. Na kasa riƙe sunansa na Turanci, a littafina na sa masa mai bin sawu. Da shi ake tsayar da injin daidai inda ake so, a leƙa kowane gurbi a ga lambar da ke ciki, a sa shi ya yi taku ɗaya ya tsaya, ya ƙara ɗaya ya tsaya, har a ga inda ya zame. Kuma da shi ana iya canza lamba injin yana cikin tafiya.

Shekaranjiya Alhamis, da kika kawo mini tuwo kika zauna bakin ƙofa, na tambaye ki, "To in ya tsaya cak mutane na tsakiyar aiki fa?"

Kika ce, "Ai akwai doka, Baba. Kafin a taɓa komai sai a kwafe fitilun da ke gabansa a takarda, wacce ke kunne da wacce ke kashe, sa'an nan a juye duk abin da ke ƙwaƙwalwarsa a kan tef. Don da zarar an sake tayar da shi komai ya goge, ba mai sanin abin da ya kashe shi."

Sai kika yi dariya kika ba ni labarin Ladi, abokiyar gwajinki. Wata Talata injin buga takardu ya dinga sarƙewa, kika buɗe mai bin sawu kamar yadda kika taɓa ganin babban malaminku ya yi, kika canza lamba ɗaya, ya saki. Ba ki rubuta ba, ba ki gaya wa kowa ba. Washegari da safe, a aikin Ladi, kwamfutar gaba ɗaya ta tsaya. Ladi ta ɗauki takarda ta fara kwafe fitilu, ɗalibai suka cika bakin gilashi suna ƙwanƙwasawa, ke kuma kika shigo kika ce, "Ladi matsa, mutane na jira," kika tayar da ita nan da nan. Malamai suka yaba saurinki. Da shugabanku ya zo ya tambayi Ladi, mai riƙe da ɗakin, takardar fitilu da tef, ba ta da ko ɗaya. Ke an tabbatar da ke, ita an ce sai ƙarshen watan nan za a yanke ko za a riƙe ta ko a sallame ta.

Kika ce, "Ƙila ma ba lambar tawa ba ce, Baba."

Na ce miki, "Ƙila." Na ci gaba da cin tuwona. Kin tashi kina zaton maganar ta wuce, ni kuwa loma uku na ƙara na wanke hannu. Maganar Ladi ce ta sa na zauna rubuta wannan takarda. Amma bari in fara da ƙananan kurakuraina, don babban ya fi sauƙin fita in na bi ta kansu.

Da na gama makarantar Midil, shekaru kaɗan kafin 'yancin kai, aka ɗauke ni gidan ruwa na bayan gari, inda wani ƙaton inji ke tura ruwa zuwa tankin kan tudu. Dalilin da ya sa na yi ta murmushi kina bayanin makunnanki ke nan, har kika ce ko ban yarda ba ne. Na yarda. Injinmu ma haka yake tashi. Ba hannun da zai iya juya shi, sai iska mai ƙarfi. Iskar kuma tana cikin wani tanki, tankin kuma wani ƙaramin injin fetur ke cika shi, ƙaramin injin kuma da handal ake murɗa shi. Ƙarfin kafaɗar mutum ɗaya ke tada ƙarami, ƙarami ya tara iska, iska ta juya babba, babba ya shayar da gari. Tsakanin waɗannan akwai matakai goma sha ɗaya, an rubuta su a allo an rataye a bango.

Wata biyu da fara aiki na haddace su, sai na daina duban allon. Ina ganin karanta shi aikin sabon shiga ne. Wata safiya ina hira da mai gadi ina tayarwa, na tsallake na huɗu, wato buga baƙin mai da hannu ya zagaya ƙarafan kafin su fara motsi. Injin ya tashi, ya yi wani kuka da ban taɓa ji ba. Wanda ya rugo ya kashe shi shi ne Bulus, wani mutumin kudancin Bauchi da ya girme ni da kusan shekara goma, muna karɓeɓeniyar aiki da shi, in na yi yamma ya yi safe. Bai kai ƙarata ba. Ya kama kunnena ya kai ni gaban allon ya ce, "Akawu, kai da ka iya karatu, karanta mini na huɗu." Akawu yake ce mini saboda kullum da littafi a aljihuna. Na karanta. Ya ce, "Ni da ban yi Midil ba kullum sai na sa yatsa a kai. Kai wane ne?"

Saboda haka, Uwata, lambobin nan da kike shigarwa da makunnai, na ji kina alfahari kin haddace su har kina yi ido rufe. Ki buɗe idon. Ki ajiye katin a gabanki ki bi shi layi-layi ko da kin yi sau dubu. Ranar da za ki tsallake ɗaya ba za ta zo da wata alama ba, hira kawai za ta yi daɗi.

Na biyu ya fi wannan ban kunya. Doka ce da zarar babban inji ya tashi a sake cika tankin iska, don gaba. Wata rana na ce sai anjima, anjima ta zama gobe. Injin ya tsaya don a canza masa mai, aka zo tayarwa ba iska, ƙaramin injin kuma ya zaɓi ranar ya ƙi tashi. Tun hantsi har la'asar muna murɗa handal bi da bi, tafin hannuna ya ɗuri ruwa, mata sun yi layi da tuluna a famfunan gari ba ɗigo. Tun daga ranar ban sake barin abin tayarwa ya zauna babu na biyunsa ba. Zaren takardar nan naku, na tambaye ki guda nawa ne kika ce ɗaya, yana rataye a ƙusa. Takarda ce, Uwata, tana yagewa, ɓera ma yana sonta. Ki roƙi izini ki huda na biyu, ki gwada shi ki tabbata yana aiki, ki sa a gwangwani ki rufe, ki gaya wa kowa inda yake.

To, ga babban.

Ana saura kwana uku bikin 'yancin kai garin nan ya cika maƙil. Baƙi daga ƙauyuka, 'yan makaranta ana koya musu maci da ƙananan tutoci, kowane gida an ɗora manyan tukwane. Baturen da ke kanmu, wanda muke kira Mai Lofe, ya tara mu ya ce in ruwa ya ɗauke a makon nan wani zai bar aiki. Mun kuma san yana shirin komawa ƙasarsu, kuma cikin ni da Bulus zai bar wa ɗaya gidan ruwan.

A aikina na yamma na lura fil ɗin da ke riƙe sandar mai ya karye rabi. Sandar nan ita ke buɗe wa injin mai gwargwadon nauyin da ya ɗauka. Abin da ya kamata shi ne in kashe injin, in aika a kira Mai Lofe, in rubuta a littafin aiki. Amma kashe inji yana nufin ruwa ya ɗauke a hannuna. Sai na samo 'yar waya na ɗaure wurin injin yana tafiya, na ja baya na duba, ya zauna daram. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce gobe in na samu fil sai in gyara ba wanda ya sani. A littafin aiki na rubuta, komai lafiya.

Washegari da hantsi na biyo ta wurin da sabon fil a aljihu, ba ma aikina ba ne. Tun daga nesa na ji shiru. Na shiga na tarar da Bulus tsaye ya harɗe hannu a baya, bai taɓa komai ba.

Ya ce, "Akawu, kada ka sa hannu. Ya tsaya da kansa. Na aika a kira Bature, ya zo ya gani yadda yake."

Na ce, "Bulus, gari ba ruwa. Ka san abin da ya ce."

Ya ce, "Na sani. Amma in mun tayar, me za mu nuna masa?"

Na ce, "Bari in duba kawai."

Na zagaya bayan injin. Wayata ce ta tsinke, sandar ta faɗo ta rufe mai. Na warware guntun na tura aljihu, na zura sabon fil, na buga baƙin mai, na buɗe iska. Injin ya tashi lafiya lau. Ko da Mai Lofe ya iso da babur ɗinsa ruwa ya riga ya fara hawa tudu. Ya zagaya injin sau biyu, ya duba mai, ya duba ruwan sanyaya, ya duba sandar, bai ga aibu ba. Ya juya ya tambayi Bulus me ya faru. Bulus ya ce bai sani ba. Mai Lofe ya ce inji lafiyayye ba ya tsayawa haka kawai, ko dai Bulus ya bar mai ya yanke ko ya taɓa abin da bai kamata ba yana ɓoyewa. Ya dafa kafaɗata ya ce irina ƙasar nan ke bukata yanzu da za ta tsaya da ƙafarta.

Ina tsaye, guntun wayar yana sukar cinyata ta cikin aljihu, ban ce uffan ba.

Bayan biki aka sallami Bulus. Matarsa na da tsohon ciki, aka karɓe ɗakin da suke ciki na ma'aikata, suka koma ƙauye. Ni aka ba ni gidan ruwan. Da wannan matsayi na kama gidan nan na Ɗan Iya, cikinsa kika yi wayo, daga cikinsa kika tafi makaranta. Kin san ba ranar da ba na rubutu tun ina saurayi, har ruwan sama da ciwon haƙori suna ciki. Jiya na ɗauko littafin shekarar na buɗe ranar. Layi ɗaya ne: Inji ya tsaya, na tayar da shi, alhamdu lillahi. Ba kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, kuma ban taɓa rubuta ƙaryar da ta kai ta ba.

Na daɗe ina lallashin kaina. Na ce ƙila ko ba wayata ba da ma fil ɗin zai ƙarasa karyewa. Na ce ƙila Mai Lofe ya riga ya zaɓe ni tun kafin ranar. Na ce ai na shayar da gari ranar da gari ya fi bukata. Kowace cikin waɗannan tana iya zama gaskiya. Shi ya sa da kika ce "ƙila ma ba lambar tawa ba ce" na ji muryata ce ta fito daga bakinki. Ni ban san kwamfuta ba, ba zan iya ce miki lambarki ce ta kashe ta ba. Ke ma ba za ki iya cewa ba ita ba ce. Abin da zai raba gardamar yana cikin ƙwaƙwalwar injin a safiyar nan, Ladi tana ƙoƙarin kwafe shi, ke kika goge. Ban ce da niyya kika yi ba, nan kin fi ni, don ni na san abin da nake ɓoyewa. Amma tun daga ranar kin san wani abu da shugabanku bai sani ba, kuma da rashin sanin nan zai yanke wa Ladi hukunci.

Jiya Juma'a bayan an sauko masallaci na tafi Gwallaga. Na daɗe da sanin Bulus ya dawo gari, yana gyaran injin niƙa a wata rumfa bayan masu walda. Shekara da shekaru in hanya ta biyo da ni nan sai in zagaya ta wani lungu. Jiya ban zagaya ba. Na same shi tsugune gaban wani inji ya kwance shi, kansa ya yi fari fat. Na yi sallama, ya ɗago ya ƙura mini ido.

Ya ce, "Akawu? Kai ne ka yi tumbi haka? Ruwan gari duk cikinka ya tafi?"

Na ce, "Ni ne, Yaya Bulus. Ina wuni, ina iyali?"

Ya ce, "Lafiya. Riƙe mini bel ɗin nan tukuna, tunda Allah ya kawo injiniya kyauta."

Na tattare babbar rigata ta Juma'a na riƙe masa. Ina riƙe da bel ɗin na faɗa masa komai, tun daga fil har aljihu. Na shirya maganar a hanya da kyau, amma da ta zo fita a birkice ta fito. Bai daina ɗaure notinsa ba har na gama.

Ya ce, "Na ga hannunka lokacin da ya shiga aljihu."

Na ce, "Ka gani? To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "In faɗa in nuna me? Ka riga ka tayar. Bature yana ganin inji yana gudu, yana ganin yaro mai Turanci, yana ganin ni. In ce a caje aljihunka? Sai a ce baƙin ciki nake yi." Ya goge hannu da tsumma. "Shekara ɗaya ina jira ka zo. Ko a ƙauye, in na ji babur sai in fito. Daga baya na daina fitowa."

Na ce ya yafe mini. Ya ajiye tsumman a kan injin. Can ya ce, "Yafewa na yafe tun tuni, don kaina, ba don kai ba. Amma ɗan da aka haifa mana a ƙauye lokacin bai zauna ba, asibiti ya yi nisa. Ban ce kai ne ba. Ban ce ba kai ba ne. Wannan ma ba mai sani." Sai ya tambaye ni me ya taso da ni yau bayan tsawon lokacin nan. Na ba shi labarinki da na Ladi, ban ɓoye ba, ki yi haƙuri. Ya yi ta tambaya yadda injinku ke tashi, na zayyana masa makunnai da zaren takarda da faifai, ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Ashe har yanzu da handal ake farawa!" Da zan tafi ya raka ni bakin titi ya ce, "Ka gaya wa 'yarka ita tana da sauran kwanaki. Kai naka ya wuce, ka zo ka riƙe mini bel kawai."

Uwata, ga abin da nake so ki yi. Ranar Litinin da safe, kafin ki taɓa makunni ko ɗaya, ki nemi Ladi ki fara gaya mata ita kaɗai, don haƙƙinta ne ta ji kafin kowa. Ki bar ta ta yi fushi in za ta yi, kada ki tare ta da bayani. Sa'an nan ku je wurin shugabanku tare. Ki faɗa masa ranar, da gurbin da kika buɗe, da lambar da kika tarar, da wacce kika sa. Ki faɗa masa Ladi tana kan bin doka ke kika ture ta. Kada ki fara da "ƙila", ki bar masa wannan, shi ya san injin, shi zai auna. Zai iya yi miki faɗa gaban mutane. Zai iya mayar da ke gwaji. Na yi tunanin ko zai iya sallamarki, kuma ban ɓoye wa kaina cewa yana yiwuwa ba, ko da yake ban zata ba, don mai kula da inji ya fi bukatar wanda zai gaya masa abin da aka taɓa fiye da mai saurin hannu. In ma hakan ta faru, ɗakinki yana nan, kuma zan tare ki a tasha da kaina ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Bayan wannan, mai bin sawun nan ki riƙe shi da tsoro. Kin ce da shi ana ganin aikin kowa da ke kan injin, har na malamai. Abin da ba a aike ki ba kada ki leƙa. In za ki nemi kuskure, ki canza abu ɗaya ki duba, kada ki canza biyu ki rasa wanne ya yi aiki. Duk abin da kika canza injin yana tafiya, ki rubuta kafin ki tashi daga kujerar, ko da ya yi kyau, musamman ma in ya yi kyau, don gyaran da ya yi kyau shi ake mantawa har ya tsinke a hannun wani. Kuma ranar da ya sake tsayawa, zai kuwa tsaya, masu ƙwanƙwasa gilashi za su dawo. Ki bar su su ƙwanƙwasa. Ba wanda zai tuna jiran da ya yi bayan mako guda. Ki kwafe fitilunki ɗaya bayan ɗaya, ki juye tef ɗinki, sa'an nan ki tayar.

Ina yawan shakkar kaina, kin sani, ko hular da zan sa sai na canza sau biyu. A kan wannan ba ni da shakka, kuma ba ni da shakka a kanki. Yarinyar da ta ba ni labarin nan da bakinta ba wanda ya tambaye ta, tana dariya amma tana kallon ƙasa, ta riga ta san abin da ya kamata. So take wani ya ce mata tashi ki je. To na ce.

Ki gaishe da gwaggonki, ki taya ta aikin gida kada ki ce kin gaji da na ofis. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ɗakin nan naku mai sanyi da rashin taga yana ɓatar da rana. Ki sa rigar sanyin da innarki ta saƙa ko da ba ki son launinta.

Ƙarƙashin takardar nan za ki ga sabon littafi mai baƙin bango, irin nawa. Ni jiya da na dawo daga Gwallaga na koma wancan tsohon shafi na cika abin da na bari, gefen takardar bai isa ba sai da na liƙa wata. Naki ban rubuta komai a ciki ba sai sunanki. Shafin farko na lambar nan ne, wacce kika tarar da wacce kika sa. Ki rubuta su tun kina cikin mota, kafin ki fara mantawa.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki a hanya da masauki, ya tsare hannunki daga cutar da wani da saninki ko ba da saninki ba. Allah ya ba ki ƙarfin zuciya ranar Litinin, ya sanyaya zuciyar Ladi, ya yi miki albarka duniya da lahira. Innarki da ƙannenki suna cewa amin.

Wassalam.

Mahaifinki,
Adamu